Neman Mai Sayen Tsohuwa

Litinin, 3 ga Maris

Auta ta zo da wayarta ta ɗauki hoton Tsohuwa. Gaba, baya, gefe, har da inda fatar akwatin ta yage. Na ce kada ta ɗauki nan, ta ce mai saye zai gani ko an ɓoye.

Ta tambaye ni me za ta rubuta a intanet. Na ce rubuta: amfilifayar jita, tsohuwar ƙira, mai kwalabe, da akwatin lasifikarta, tana aiki lafiya. Ta ce, “Kwalabe kuma, Baba?” Na juya mata bayanta na nuna mata su, a jere kamar ƙwan fitila. Yarinyar da aka haifa amfilifayar nan tana ɗaki, amma ba ta taɓa leƙa bayanta ba. Na ce su ne ke ba da muryar, sai sun yi ja sun ɗauki zafi take magana. Ta gyaɗa kai tana duban agogo.

Ƙarshen wata zan bar ɗakin nan in koma gidanta. Tun ranar da motar kaya ta kusa take ni tana ja da baya, jama'a na ta ihu ni kuwa ina ta tafiyata, ta yanke hukunci. Ba shawara ta yi da ni ba, sanarwa ta ba ni. Ɗakin da za su ba ni gado da kabad kawai yake ɗauka. Gidan bene ne, maƙwabta sama da ƙasa, ga jaririya. Jita za ta bi ni. Tsohuwa ba wuri.

Kunnen hagu ya daɗe da rufewa. Na dama yana nan, amma da gyare a ciki, yana kuka ba hutu. Auta na zaton rabi nake ji. Bai kai rabi ba.

Laraba, 5 ga Maris

Na ce ba wanda ya kira. Da na duba wayar, ashe an yi ta kira. Tana kan tebur, ni ina zaune kusa da ita.

Yanzu a aljihun gaban riga nake sa ta, in ta yi rawa in ji a ƙirji.

Alhamis, 6 ga Maris

Na ɗauka, wani yana magana kamar daga ƙarƙashin ruwa. Na yi ta cewa e, e, to. Ban san me na amsa ba. Daga baya na tura masa saƙo cewa sabis ba kyau, ya rubuto. Zai zo Asabar.

Asabar, 8 ga Maris

Sun zo su biyu, samari. Ɗaya da hular da ya juya baya, ɗaya riƙe da waya yana ɗauka tun daga bakin ƙofa.

Na share ɗaki, na goge Tsohuwa da tsumma mai laushi, na sa rigar da nake hawa dandali da ita, duk da ta yi mini yawa yanzu. Na yi musu komai yadda ya kamata. Na nuna musu ana haɗa akwatin lasifika kafin a kunna, in ba haka ba a ƙona ta. Na ɗaga maƙunnin farko, na ce a jira ta yi ɗumi. Mai hula ya ce wani abu, abokin ya yi dariya. Ni ma na yi.

Ƙanshin nan ya tashi, ƙura mai zafi da tsohon katako. Wannan kam har yanzu hanci na ji.

Na ɗaga na biyu na fara bugawa. Kiɗan da muke buɗe fili da shi a otal, wanda yatsuna suka sani ko ina barci. Ina jin ƙasa tana motsi a tafin ƙafata, na ce lafiya lau. Sai na ɗaga kai. Mai hula ya yamutse fuska kamar ya tauna tsakuwa. Mai waya ya sauke wayar.

Ya miƙo hannu da ladabi, na ba shi jitar. Ya zauna yana murɗa kunnuwanta yana saita tsirkiya. Ɗaya bayan ɗaya. Ba wadda bai taɓa ba. Ya daɗe. Ni ina tsaye a rigar dandali ina kallo. Da safe na saita ta da kaina, na rantse daidai take.

Ya buga kaɗan. Yatsunsa ba laifi. Sai ya tsaya ya kara kunne a jikin akwatin, ya dube ni. Abin da na tsinta a bakinsa: “... gurnani ... Baba, ba ka ji?”

Na ce wutar unguwar nan ce ba ta da kyau.

Sun ce za su kira.

Lahadi, 9 ga Maris

Ban fita ba.

Talata, 11 ga Maris

Na ɗauki kan amfilifayar a keke mai ƙafa uku na kai wa Dalma. Akwatin ba ya ɗaukuwa, yana da nasa na gwaji a shago. Dalma mai gyaran rediyo ne tun ana gyaran rediyo, yanzu talabijin da fanka ke ciyar da shi. Shi kaɗai nake bari ya buɗe cikinta. Shagon yana nan yadda yake, wayoyi na reto kamar shanya, hayaƙin dalma, kyanwa kwance a kan mataccen talabijin.

Ya kunna, ya jira, ya rufe ido. Na ce, “Akwai?” Ya ɗaga yatsa biyu ya matse su: kaɗan. Ya ciro wani abu mai kama da batir da ya kumbura, ya nuna mini, ya sa sabo. Ya sake saurara. Ya ɗaga babban yatsa.

Ya matso ta kunnen dama ya ɗaga murya, “Gurnanin nan ya fi shekara a ciki, ɗan'uwa.”

Ya fi shekara. Ke nan da shi na yi wasannina na ƙarshe. Ba wanda ya faɗa mini. Haka ba wanda ya faɗa mini ina riga mai ganga ko ina binsa a baya, sai ranar da 'yan ƙungiyarmu suka turo Dogo mai jitar bas, don ya fi kowa sanyin baki, ya ce in ɗan huta tukuna. Hutun da nake ciki ke nan har yau. Sun ɗauki wani mai 'yar ƙaramar amfilifaya da ake riƙewa da hannu ɗaya kamar jakar mata.

Dalma ya ƙi karɓar komai. Ya ce ranar Juma'a ya zo ya yi ta buga ƙofata, yana hango takalmana a waje. Na ce wanka nake. Ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce, “Wankan ya yi tsawo.”

Alhamis, 13 ga Maris

Na sayi ɗan abin nan da ake maƙala wa jita, in tsirkiya ta yi daidai ya nuna kore. Da in na ga yaro da shi sai in ce je ka sayo kunne tukuna.

Asabar, 15 ga Maris

Wani dillali. Babban ciki, turare mai hawa kai, makullin mota a yatsa yana juyawa. Bai ce in kunna ba. Ya haska bayanta da fitilar waya yana karanta rubutun jikin kwalaben. Ya buga akwatin da ƙafa kamar mai sayen taya.

Muryarsa irin mai kauri ce, ita nake ɗan ji. Ya ce kwalaben yake so, akwai masu nemansu a waje. Lasifikan zai cire ya sayar daban. Katakon kuma in ina so in riƙe, a yi kabad.

Na ce ba a yanka take ba.

Ya ce, “Dattijo, ba wanda zai ɗauki wannan nauyin a zamanin nan.”

Na buɗe masa ƙofa. Da ya fita na zauna a kan akwatin. Abin haushi, gaskiya ya faɗa.

Lahadi, 16 ga Maris

Auta ta ji labari. Dillalin ya kira ta, lambarta ma tana kan tallar ashe.

Ta yi faɗa tana naɗe labule tana sawa a kwali. In ta juya baya ba na samun komai, in ta waiwayo in tsinci guntu. “... mai gidan haya ya riga ya ba wani ɗakin ...” “... ni kaɗai nake ta ...” “... ƙarfe da katako, Baba ...”

Na ce ƙarfen da katakon ne suka kai ki makaranta.

Bai kamata in faɗa ba. Ta tsaya cak da labule a hannu. Fuskar uwarta sak, lokacin da nake dawowa daga wasa in tarar ta gaji da jira. Allah ya ji ƙanta, ita ce ta raɗa wa amfilifayar suna. Ta ce tsohuwar nan ta fi kowa baki a gidan.

Auta ta ce ta karɓar mini kati wurin likitan kunne. Laraba. Na ce to.

Laraba, 19 ga Maris

Sun sa ni a wani ɗan ɗaki mai bango kamar katifa, suka ɗaura mini abin sauraro, suka ba ni maɓalli. In na ji ƙara in danna. Na zauna ina jira a fara. Ta gilashi na ga ma'aikaciyar tana dubana, tana duban na'urarta. Ashe an daɗe da farawa. Na shiga dannawa da ka. Ta girgiza kai tana murmushi, wai in bari.

Likitan ya zana mini layi a takarda, ya gangara kamar bakin rami. Ya yi magana a hankali yana kallona, ya san aikinsa. Abin da ya mutu a ciki ba ya tashi. Na daman ma yana bin na hagu. Akwai na'urar da ake sawa, za ta taimaka wajen magana. Na ce kiɗa fa? Ya ce zan ji, amma kamar ana buga gwangwani.

Ya tambayi aikina. Auta ta amsa. Ya ce a ina nake tsayawa in ana wasa? Na ce gaban amfilifayar, dab da ita, tana bayana ta hagu. Nan ne ake jin daɗinta, iskar lasifikar tana kaɗa ƙafar wando.

Ya ajiye biro. Bai ƙara tambaya ba.

A mota Auta tana ta share ido da gefen mayafi. Ta ce, “Me ya sa ba ka faɗa mini ya kai haka ba?” Na yi kamar ban ji ba. Wannan karon na ji.

Alhamis, 20 ga Maris

Na dubi Tsohuwa da safe na nemi in ji haushinta. Babu. Ni na murɗa ƙarar da hannuna duk shekarun nan.

Asabar, 22 ga Maris

Na yi wauta.

Da rana tsaka, na rufe ƙofa da taga, na kunna ta, na jira ta yi ɗumi. Na saita jita har komai ya nuna kore. Na murɗa ƙara zuwa inda nake tsayar da ita a otal. Na wuce. Na kai ƙarshe, inda ban taɓa kaiwa ba. So ɗaya kawai nake so in ƙara jin muryar nan, mai kauri a ƙasa, mai ɗan tsagewa a sama in an matsa mata.

Na buga. Kofin shayi ya yi tafiya a kan tebur har ya faɗi. Gilashin taga na rawa. Haƙorana na rawa. Abin da ya iso kunnena kamar babbar mota tana wucewa a wata unguwa. Na ƙara bugawa da ƙarfi. Motar dai.

Ban san an shigo ba sai da fitilar amfilifayar ta mutu. Maƙwabciyata ce, ma'aikaciyar jinya, aikin kwana take yi, da rana take barci. Tana tsaye da filogi a hannu, idonta ja, bakinta na ta motsi. A bayanta mutanen gida cike da ƙofa. Ta yi ta faɗa, ta yi ta faɗa, sai ta lura bakinta nake kallo ba idonta ba. Ta yi shiru. Ta ajiye filogin a hankali a kan akwatin, ta kori mutane, ta ja mini ƙofa.

Gara da ta ci gaba da zagin.

Gyaren ya zama biyu tun lokacin.

Litinin, 24 ga Maris

Kwalaye ko'ina. Na ba Dalma fankar ƙasa da tsofaffin wayoyi. Saƙo ya shigo: wata tana so ta gani gobe. Na kusa rubuta an sayar. Sayar wa wa? In ba a ɗauka ba kafin Litinin mai zuwa, dillalin nan ne.

Talata, 25 ga Maris

Mace ce, ba za ta girmi Auta ba. Ta zo da jitarta a baya, da yayanta mai motar ɗaukar kaya. Tana koyar da kiɗa a wata makaranta, ƙarshen mako kuma tana wasa da ƙungiyarta.

Ban sa rigar dandali ba. Na ce mata, “'Yata, ni kunnena ya tafi. Ba zan buga miki ba, kada in ɓata mata suna. Ke ki buga, ki faɗa mini gaskiyar abin da kika ji.” Ban san daga ina maganar ta fito ba. Ban taɓa faɗa wa baƙo haka ba.

Ta ce to, Baba. Daga nan duk abin da za ta faɗa sai ta juyo ta fuskance ni.

Na koya mata. Akwati kafin wuta. Maƙunnin farko, a jira. Ba a ɗaga ta da zafinta, kwalaben ba sa son girgiza. Ba a ɗora kofi a kanta. In damina ta yi a riƙa kunna ta ko ba za a yi wasa ba. Ta durƙusa tana kallon kwalaben suna yin ja, ta shaƙi ƙanshin, ta yi dariya. Ta ce kamar ɗakin kakanta.

Ta buga tsirkiya ɗaya, ta bari sautin ya yi ta tafiya. Ta dubi yayanta. Ta sake bugawa. Ba ta yi gaggawa irin ta samari ba. Ina kallon yatsunta ina jin kiɗan a kaina, wanda na san ya kamata ya fito. Ko shi ne ya fito, oho. Ta rufe ido. Sai na ga tana ja da baya kaɗan kaɗan, har ƙafar wandonta ta fara kaɗawa. Dab da lasifikar. Ta gano wurin da kanta, ba wanda ya nuna mata.

Na kama hannun rigarta na jawo ta gefe. Ta firgita. Na nuna kunnena, na nuna wurin. Na ce, “Nan ne ya cinye ni. Ki ajiye ta can gefe, ki karkata ta. Ki toshe kunne in za ki daɗe.” Na ji a maƙogwarona cewa ihu nake yi. Yayan ya miƙe tsaye.

Ta ce, “Na ji, Baba. Na yi alkawari.”

Na ce akwai gurnani? Ta ce ko kaɗan. Na ce muryar fa? Ta ɗora hannu a ƙirji. Ta faɗi wata kalma da ban kama ba. Na ji kunyar cewa ta maimaita.

Za ta yi shawara da mutanenta.

Alhamis, 27 ga Maris

Shiru. Na duba wayar har batir ya mutu.

Ina so ta kira. Ina so kada ta kira.

Asabar, 29 ga Maris

Sun ɗauke ta.

Ban yi ciniki ba, abin da ta faɗa na karɓa, na miƙa wa Auta. Na ba yarinyar rigar leda da uwar Auta ta ɗinka wa akwatin, da sauran kwalabe na ajiya a cikin safa. Yayan da wani suka kinkima, suna nishi. A bakin ƙofa suka buga gefen da bango, na ce a hankali, ba su ji ba ko ni ne ban ji amsarsu ba. Na sa suka kwantar da kan a kan bargo, ba a tsaye ba.

Ta ce in zo in ga wasansu wata rana. In ga, ta ce. Yarinya mai hankali.

Na tsaya a titi har motar ta sha kwana. Ma'aikaciyar jinya tana shanya a sama, ta ɗaga mini hannu.

Inda akwatin yake, siminti ya fi na sauran ɗakin haske. Na share wurin. Na sami abin buga jita da ya ɓace mini tun tuni, da ɗankunnen uwar Auta ƙwaya ɗaya.

Litinin, 31 ga Maris

Na tare. Surukina ya ɗauki kwalayen da kansa, ya ƙi bari in taɓa. Mutumin kirki ne, amma gemu ya rufe masa baki, ba na karanta komai. Muna ta yi wa juna murmushi kamar baƙi a tasha.

Jita tana kan kabad.

Juma'a, 4 ga Afrilu

An sa mini na'urar. Cokali a faranti kamar ana rushe gini. Muryar Auta kamar ta rediyon da batirinsa ya yi sanyi. Surukina ya kunna kiɗa don ya faranta mini. Likitan bai yi ƙarya ba. Na ce ya yi daɗi, na shiga ɗaki na cire.

Laraba, 9 ga Afrilu

Ba abin rubutawa. Taga tana kallon bangon wani gida.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Yarinyar ta turo bidiyo a wayar Auta. Ta rubuta a gaishe da Baba, kowa yana tambayar inda ta samo muryar nan.

Wani babban zaure, fitilu, mutane na rawa. Ga Tsohuwa a rigarta ta leda an naɗe zuwa sama, jar fitilarta a kunne. Ta yi kyau. Sun ɗora ta kan benci yadda take so.

Yarinyar tana gabanta. Dab da ita. Idonta a rufe.

Auta ta ce, “Ka ga? Ta samu gida mai kyau.” Ta ce me za ta rubuta mata?

Na daɗe ina kallo. Da wani ya ja ni gefe ina shekarunta, da na yi masa alkawari ni ma.

Na ce rubuta mata na gode.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Mai raino ba ta zo ba, Auta ta makara, ta ajiye mini jaririyar a cinya ta fita da gudu. Har azahar muna tare. Ba ta da wuyar sha'ani. Ba ta magana, ba na ji, mun daidaita. In za ta yi kuka fuskarta ke fara gaya mini.

Wajen gyara mata riga na karce ta a wuya. Ɗan ja kaɗan, ba jini. Farcen hannun dama ne, na babban yatsa da manuni, waɗanda nake bari su yi tsawo don tsirkiya. Tun ina saurayi ban taɓa yanke su ƙasa ba, sai dai in goge baki.

Da ta yi barci na nemi abin yanke farce a durowar Auta. Sun yi tauri, sai da na jiƙa su a ruwan ɗumi.

Saboda jaririyar ne kawai. Farce ai yana fitowa.

Hannun ya yi wani iri, kamar na wani. Biro ma ya fi zama a ciki.

Gobe ma mai rainon ba za ta zo ba. Na ce a bar ta, ba sai an nemo wata ba.